Ƙwaƙwalwa Mai Ƙafa Arba'in

Ranar Talata da hantsi, Karima tana tsakar gida a Gummi tana shanya wanki, wayarta ta yi ƙara. Baba Gideon ne, mai gyaran na'urori a Anka, kuma ko gaisuwa bai bari sun ƙarasa ba ya ce mata an samu. Ta tambaye shi me aka samu, ba don ba ta sani ba, sai don tana son ta ji ya faɗa da bakinsa.

"V20, Injiniya. Ƙafa arba'in cif, na ƙirga a hoto har sau biyu. Tana nan Bukkuyum tana jiran ki."

Karima ta saki zanen da ke hannunta ya koma cikin bokiti. Ita da ba a san ta da hayaniya ba, ranar sai da ta tsallake turmi a guje ta faɗa ɗakin mahaifiyarta ba sallama, har Inna ta ɗago daga kan buzu tana tambayar ko wani abu ne ya kama da wuta.

Abin da ya sa ta wannan gudu tsohon zance ne. Kakarta ta wajen uba, Modibbo Asma, malamar mata ce a Gummi, kuma ta bar waƙe guda wanda matan garin suke kira Waƙen Jego. Baiti ɗari biyu ne da ɗoriya a kan yadda ake kula da mace daga ranar da ta sauka har ta yi arba'in: abin da za ta ci, abin da za ta sha, addu'ar da ake yi mata, da alamun da in ungozoma ta gani ba ta tsayawa jiran kowa. Da ajami ta rubuta shi, yana cikin gafaka a ɗakin Inna shekara da shekaru. Da ambaliya ta ci Gummi a daminar bara, ruwa ya kwana biyu a ɗakin. Ko da aka buɗe gafakar takardun sun manne sun zama curi guda, tawada ta bi ruwa.

Inna ta haddace baiti arba'in na farko, don su ake rerawa ranar suna. Sauran kuwa daga takarda take karanta wa matan da ke taruwa wurinta kowace Alhamis. Tun daga ambaliyar, in sun kai baiti na arba'in sai ɗakin ya yi tsit. Inna ta ɗan motsa leɓe kamar za ta ci gaba, sai ta shafa fatiha a tashi. Karima ta sha kallon wannan daga bakin ƙofa.

Ita ce ta tuna da kwamfutar mahaifinta. Marigayi Malam Khalilu ya koyar a wata kwalejin horon malamai a Sakkwato kafin a haife ta, kuma mutum ne mai son na'ura kamar me. Ya taɓa gaya mata tana ƙarama cewa ya buga waƙen mahaifiyarsa gaba ɗaya a faifai. Da ya rasu, ƙanensa Baffa Maccido ya kwashe littattafansa da kwamfutar zuwa Anka, shi ya sa ruwa bai same su ba. Karima ta gama karatun kwamfuta a jami'a tana zaman jiran hidimar ƙasa, sai ta shiga mota ta je ta fito da ita daga ƙarƙashin gadon Baffa.

Mutanen zamanin kwamfutar tafi-da-gidanka suke ce mata, amma duk wanda ya ɗaga ta sai ya yi wa sunan dariya. Girmanta ya kai akwatin keken ɗinki, nauyinta ya yi tiya biyar na gero. Murfinta shi ne madannan rubutu. In an ɓalle shi sai ga ɗan gilashi da bai wuce tafin hannu biyu ba, da bakuna biyu na zura faifai, irin baƙaƙen faya-fayan nan masu laushi da ake sa kowane cikin rigarsa ta takarda.

Baffa ne ya haɗa ta da Baba Gideon. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Anka shekarar da gubar dalma daga haƙar zinare ta yi ɓarna a ƙauyukan Dareta da Abare, yana kula da na'urorin gwajin jini. Aikin ya ƙare, shi kuwa bai koma ba. Ya buɗe shago a gaban gidansa yana gyaran rediyo da sola da duk wani abu mai cin wuta, kuma har yau in ya yi liki da dalma sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu, ba ya yarda a ci ko gyaɗa a shagonsa. Ranar da ya ga kwamfutar ya zagaye ta sau uku yana dariya, ya ce rabonsa da irinta tun yana saurayi da gashi a kansa. Mako uku suka yi shi da Karima suna share ƙura suna canza ƙananan kayan da suka kumbura, har wata rana gilashin ya kawo koren haske.

A nan murna ta tsaya. Faifan da suke nema yana nan, da rubutun Malam Khalilu a jikin rigarsa: "Waƙen Jego. An buga a na'urar ofis. Ba ya buɗuwa a wannan sai an sa V20." Baba Gideon ya yi mata bayanin da ta riga ta fahimta, amma ta bar shi ya yi don yana jin daɗin yi. Na'urar ofis da wannan ta gida ƙwaƙwalwarsu ba ɗaya ba ce, kamar a ce ɗaya Hausa take ji ɗaya Fillanci. Manhajar da aka buga waƙen da ita, wadda ita kaɗai ke iya buɗe shi, yaren ta ofis take yi. V20 kuwa wata ƙwaƙwalwa ce da ke jin yarukan biyu, kuma tana zama daram a mazaunin tsohuwar ba sai an yanke ko waya ɗaya ba. Malam ya tanadi komai, har ƙaramin faifan da ke gaya wa V20 ta juya harshe yana cikin akwatin. Ita ƙwaƙwalwar ce kawai bai samu ba har ya bar duniya. Sabuwar kwamfutar Karima kuwa, duk iya yinta, ba ta da bakin da faifan zai shiga.

Wata biyu suna nema. Sai ga shi wani abokin Baba Gideon, Anthony, mai gwajin jini a Bukkuyum, ya fasa wata matacciyar na'urar gwaji da za a ba masu sayen gwangwan, ya ga wani dogon baƙin abu mai ƙafafu, ya ɗauki hoto ya turo.

Karima ta ɗauka ita kaɗai za ta tafi. Da safe ta tarar Inna ta riga ta shiri, ta yafa babban mayafinta, ta ɗaure fura a ƙwarya. Ta gaya mata hanya ba daɗi, kuma aikin na iya ɗaukar yini guda a shagon da ba wurin miƙe ƙafa. Inna ta ce ta ji, kuma ita ba ta ce za ta taɓa komai ba, amma ba za a buɗe waƙen Modibbo tana Gummi tana tsinkar zogale ba.

Suka shiga motar Arzika, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansu, kuma ba ya tashi sai rana ta fito sosai motoci sun fara zirga-zirga. Suka ratse Bukkuyum. Anthony yana jiran su a bakin titi da farar rigar aiki, ya miƙo wa Karima gidan ashana. Ta buɗe. Ga ta nan kwance cikin takardar azurfa ta kwalin shayi, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ƙafafu ashirin ta nan ashirin ta can kamar shanshani. Anthony ya ce da wuƙar tebur ya ɓamɓaro ta, ya ba da haƙuri don ƙafa ɗaya ta ɗan lanƙwashe. Karima ta yi godiya har sau uku. Daga nan har Anka ba ta sa gidan ashanar a jaka ba, yana cikin tafin hannunta, duk ramin da mota ta faɗa sai ta ɗaga hannun sama. Arzika ya leƙo ta madubi ya tambayi Inna ko zinare ce auta ta samo a Bukkuyum take ɓoye musu. Inna ta ce ta fi zinare, don ita ba a wanke ta da guba.

Kafin azahar suna shagon. Baba Gideon ya share teburinsa tas, ya shimfiɗa farar takarda, ya cika batiran sola tun jiya. Ya ba Inna kujerarsa mai matashi, ya gaishe ta da Malama, ya tambayi mutanen Gummi da gyaran gida bayan ruwa. Sannan ya ɗauki gilashin ƙara girma ya duƙufa a kan ƙwaƙwalwar. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

Da ya ɗago, ya nuna wa Karima. Ƙafar da ta lanƙwashe ba lanƙwasa kaɗai ta yi ba, ta tsage daga kafaɗa, ɗan siririn ƙarfe ne ya rage yana riƙe da ita. Ya ce zai miƙe ta a hankali, amma ta sani shiga ɗaya za ta yi. In aka zare ta daga mazauninta, ƙafar a ciki za ta zauna. Ya miƙe ta da ɗan hantsaki yana riƙe numfashi, sannan ya tura mata takardar gabanta.

"Ke za ki sa. Hannuna ya fara rawa, kuma na'urar ta babanki ce."

Ya sa ta fara dafa ƙofar ƙarfe don wutar jikinta ta sauka, kada ta ƙone abin tun bai shiga ba. Karima ta kwance kusoshi shida, ta ɗage murfi, ta kawar da wayoyi gefe. Tsohuwar ƙwaƙwalwar tana can ƙasa kusa da fanka, shekara kusan arba'in ba wanda ya taɓa ta. Ta zura bakin sukundireba ta wannan gefe ta ɗaga kaɗan, ta koma wancan ta ɗaga kaɗan, tana yi tana sauyawa, har ta ji ta saki. Ta ajiye ta a kan takarda. Ta ɗauko sabuwar, ta duba ɗan tsagin da ke kanta ta daidaita shi da na mazaunin, don in aka juya ta baibai aka ba ta wuta, shi ke nan. Ta duba, Baba Gideon ya duba, ta sake dubawa. Ta jera ƙafafu arba'in a bakin ramuka arba'in, ta yi bisimilla, ta danna da manyan yatsunta biyu. Sai ta ji ƙas, ta zauna daram.

Zufa ta jiƙa mata hijabi. Ta ce Baba Gideon ya kunna, ya ce a'a, ita dai.

Fanka ta tashi. Gilashin ya yi duhu na ɗan lokacin da Karima ta ji kamar an yi sallar Juma'a an dawo, sannan lambobi suka fara gudu a kusurwa, na'urar tana ƙirga ma'ajiyarta. Baba Gideon ya buga cinya ya ce ta lura, ta fi da sauri, tsohuwa ta sami sabon jini. Na'urar ta yi ƙara ɗaya, ta tsaya tana jiran umarni. Karima ta ji dariya na taso mata, ta toshe baki da gefen hijabi. Inna ta tambaya ko waƙen ne ya fito, aka ce mata saura kaɗan.

Ta zura ƙaramin faifan da ke juya harshe, ta buga umarnin da Malam ya rubuta a jikinsa. Ya karɓa. Ta zura faifan waƙen a baki na biyu, ta kira manhajar ofis. Faifan ya yi ta gurnani kamar ana niƙa a dutse, sai ga sunan manhajar ya bayyana a saman gilashi, abin da wannan na'ura ba ta taɓa nunawa ba tun da aka ƙera ta. Baba Gideon ya miƙe tsaye. Sunan fayil ɗaya ne a ciki. Karima ta danna.

Gilashin ya cika da rubutu daga sama har ƙasa, amma babu kalma ɗaya da baki zai iya furtawa. Haruffan boko ne, baƙi na bin baƙi, nan da can an cusa alamomi irin # da $ da @. Ta gangara shafi na biyu, haka. Na uku, haka.

Baba Gideon ya koma ya zauna a kan akwatin batir, ya cire tabarau ya goge. Ya ce abu biyu ne: ko dai faifan ya ruɓe da tsufa, ko kuma ƙafar nan mai tsagewa ba ta taɓa ƙarfen mazauninta yadda ya kamata, shi ya sa haruffa ke fitowa a hargitse. Karima ta ce in da ƙafar ce ai na'urar ba za ta ma tashi ba. Ya ce haka ne a littafi, amma shi ya ga abin da ya fi wannan a aikin nan, wata ƙafar tana taɓawa tana saki. In faifan ne, babu abin da ɗan Adam zai iya yi. In ƙafar ce, zai zare ƙwaƙwalwar, ya yi mata ƙafar waya da dalma, a sake gwadawa. Bai ɓoye mata ba cewa tsagewar ta yi kusa da jiki ƙwarai, mai yiwuwa ba za a sami inda dalma za ta kama ba, kuma in haka ta faru sun rasa V20 ɗin, sai wani neman.

Karima ta dubi gilashin, ta dubi sukundireban da ke kan takarda. Ba ta yarda ƙafar ba ce. Amma in ba ƙafar ba ce, to faifan ne, kuma wannan ba ta son ko tunaninsa. Ta gyaɗa kai. Baba Gideon ya miƙa hannu bayan na'urar yana laluben makunni.

"Tsaya, Malam Gideon, kak ka kashe."

Inna ce. Ta taso daga kujera ba wanda ya lura, ta sa tabaraunta na karatu, ta sunkuyo har mayafinta yana taɓa madannai.

"Auta, ni ban san boko ba, amma wanga rubutu ba daga hagu ya hwara ba. Diba bakinai na dama, ya daidaita kamar an ja zare. Na hagu ko, wani layi ya yi tsawo wani ya gaza. Kuma ga rabon baiti nan tsakiya, kowane layi da hili."

Karima ta duba. Shekara huɗu tana kallon gilashin kwamfuta a jami'a, idonta bai taɓa fara layi daga ko'ina ba sai hagu. Yanzu da aka faɗa, abin ya fito fili har ta ji kunya. Gefen dama a miƙe yake sumul, kuma wani farin fili ya ratsa tsakiyar shafin daga sama har ƙasa. Ta koma farkon fayil ɗin. Layin farko gajere ne, shi kaɗai a sama:

my#rla nm#rla hlla msb

Inna ta ce ta faɗa mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, daga dama. Karima ta ɗora yatsa a ƙarshen layin ta fara: b, s, m.

"Ba, sin, mim," in ji Inna. "To, bisimilla ta. Mi kike jira?"

Karima ta bi sauran da yatsa, a, l, l, h, sai ta gane komai. Faifan bai ruɓe ba, ƙafar ma lafiyarta lau. Na'urar ofis ba ta da haruffan Larabci a gilashi, sai Malam ya ba kowane madanni na boko harafin ajami guda, waɗanda boko ba shi da su ya ara musu alamomi, # ta zama ha mai kauri, $ ta zama shin. Ya jera su daga dama zuwa hagu don in injin bugawa ya sauke su a takarda su fito daidai. Ta juya tana yi wa Baba Gideon bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna a bakinta, shi kuwa ya janye hannunsa daga makunnin a hankali kamar wanda ya ga kunama a wurin, ya sa shi cikin aljihu.

Sai ta tsaya. Ta ce amma babu wasali ko ɗaya, ba a, ba i, ba u, in ban da masu ja.

Inna ta ce ai babbaƙu ne. Yanzu ta tuna: a Sakkwato Malam yakan dawo daga ofis da 'yan takardu da injin ya buga da baƙaƙen haruffa tsirara, ya zauna bayan la'asar da alƙalamin kara da jan tawada yana sa musu wasali da hannunsa, yana cewa inji bai san inda ake ɗora fataha ba. Bai yi nisa ba aka yi masa canjin wurin aiki, 'yan takardun da ya gama kuma suna cikin gafakar da ruwa ya ci. Ita ba ta taɓa ganin yadda abin yake a gilashi ba sai yau.

Baba Gideon ya ce a bar tarihi tukuna, faifan da ya shekara talatin da biyar ba a yi masa alkawarin karatu na biyu. Karima ta zaro waya ta fara ɗaukar hoton gilashin shafi bayan shafi, kowane sau biyu, tana duba ko ya fito. Shafi goma sha ɗaya. Ta ƙirga layukan: baiti ɗari biyu da ashirin da uku, da layin ƙarshe na tammat. Ta fita waje inda sabis ya fi ƙarfi ta tura hotunan wa kanta, ta tura wa Baffa Maccido, ta tura wa Baba Gideon, ta tsaya a rana har ta ga duk sun tafi. Da ta dawo ta zauna a kan benci tana murmushin da ta kasa rufewa.

Inna ba ta koma kujera ba. Ta ce a kai ta na arba'in da ɗaya.

Karima ta gangara tana ƙirgawa. Ta gwada na arba'in tukuna, ta faɗi haruffa huɗu na farko, Inna ta karɓe ta rera shi har ƙarshe, daidai da abin da ke gilashi harafi da harafi. Sannan ta sauka layi na gaba. Ta karɓi biro da takarda wurin Baba Gideon, ta juyo farkon layin zuwa hagu don idonta ya huta: k dam knw d knwa. Ta yi ta jujjuya shi a baki. Ki dama, wannan ya fito. Na ukun kuwa ta san shi, ta sha ganin sa a jikin tsofaffin littattafan Malam, kaf da nun da wau.

"Ki dama Kano da kanwa," ta karanta.

Baba Gideon ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa tebur. Ya ce lallai Modibbo ba ta da wasa, Kano guda za a dama wa mai jego, ya tambaya ko da ganuwar za a haɗa. Inna ma sai da ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Kunu, auta. Kunu da kanwa. Digirinki na kwamfuta bai gaya maki abin da mai jego ka sha ba?"

Karima ta sunkuyar da kai tana dariya. Ta faɗi sauran haruffan a hankali, Inna tana lumshe ido tana auna su da karin waƙen, tana kaɗa yatsa a gefen tebur. Ta gwada sau ɗaya a ƙasa-ƙasa, ta gyara, sannan ta ɗaga murya:

"Ki dama kunu da kanwa tun da sahe,
Ki ba ta shi da zahi kar shi huce."

Ta tsaya. Ta ce shi ne, wallahi shi ne, har ta ji muryar Modibbo a kan "huce", yadda take jan sa. Ta share ido da bakin mayafi, ta ce a ci gaba, kada a tsaya.

Haka suka yi ta yi. Karima tana faɗin babbaƙu daga dama, Inna tana sa musu wasali da kunne, Karima tana rubutawa da boko a takardar da Baba Gideon yake miƙo mata ɗaya bayan ɗaya daga littafin shagonsa. Wani baitin harafi uku kawai Inna ke ji ta ƙwace shi ta kai ƙarshe, ashe yana nan kwance a kanta, bakin zaren ne ya ɓace mata. Wani kuma sai sun yi ta gardama, Karima ta kawo kalma Inna ta ce karin bai ɗauka ba, Baba Gideon ya jefo tasa a yi masa dariya. Sau ɗaya tasa ce ta yi daidai, ya ce a rubuta sunansa a gefen baitin. Suka tashi suka yi azahar a gidan Baffa da ke bayan layin, suka dawo da Baffan kansa, ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu yana jin waƙen mahaifiyarsa, bai iya shigowa ba bai iya tafiya ba.

A baiti na saba'in da shida suka cije. Kalma ce guda a tsakiyar layi, harafi huɗu. Karima ta faɗe su sau uku. Inna ta sa musu fataha, ta sa kisira, ta sa rufu'a, ba abin da ya fito da Hausa, ba kuma Larabci ba ne. Baffa ya gwada ya kasa. Inna ta ƙura wa koren rubutun ido, sannan ta ce wannan Fillanci ne, Modibbo takan jefa shi in Hausa ta ƙi ba ta ƙafiya. Ta ce akwai Hamida a Bukkuyum, tsohuwar ɗalibar Modibbo ce tun tana budurwa, Bafillata ce, kuma har yanzu kunnenta garau. Gobe in sun tashi komawa sai Arzika ya sauke su a ƙofar gidanta.

Karima ta tambaya ko su dakata nan ke nan sai goben.

"Wa ya ce? Sa mata alama, ki hwaɗi na gaba."

Karima ta zagaye gurbin kalmar da biro, ta mayar da yatsa gefen dama na gilashin, ta fara faɗin haruffan baiti na saba'in da bakwai.